7.62 special, 7.62 NATO, .223 da 5.56: me ya sa lamba ɗaya ba ta nufin harsashi ɗaya?

Duk wanda ke bin sanarwar sojoji bayan wani samame a dajin gabashin Sakkwato, wajen Isa ko Sabon Birni ko Rabah, ya saba jin lissafin abin da anka kama: bindiga kaza, harsashi kaza na "7.62 special", harsashi kaza na "7.62 NATO". Sai mutane su riƙa tambaya a ƙasan labarin, wai ba duk 7.62 ba ne, me ya raba su? Wani ya ce special ɗin ya fi ƙarfi shi ya sa anka ba shi sunan, wani ya ce ai duk ɗaya ne sojoji ne ke son tsawaita magana. Duka biyun ba daidai ba ne.

Tambayar kau ba ta tsaya ga 'yan kallo ba. Tun da Katsina ta kafa dakarun tsaron al'umma a 2023, Zamfara da Sakkwato sunka bi baya a 2024, ga 'yan banga da mafarauta da daman suna nan, mutanen da ke taɓa bindiga da harsashi sun ƙaru, kuma da yawansu abin da sunka sani shi ne in harsashi ya shiga, bindiga ta rufe, to shi ke nan ya dace. Wanga tunani shi ne ke fasa bindiga a hannun mai ita.

Me lambobin ke nufi

Abin da muke kira harsashi a dunƙule abu huɗu ne. Akwai kwanso, akwai albarushi a cikinsa, akwai ƙwayar da ke fita ta tafi, sai wani ɗan abu mai kama da maɓalli a tsakiyar gindin kwanson wanda allurar bindiga ke bugawa wuta ta tashi. A jikin bindiga kuma akwai bututu, a farkon bututun akwai ɗakin da harsashi ke zama wanda anka fafe daidai siffar kwanso guda ɗaya tak, sai ƙarfen da ke kulle shi ta baya, mu kira shi sakata.

In an rubuta 7.62x39, lambar farko kaurin ramin bututu ne a milimita, ta biyu tsawon kwanso ne. In an rubuta .308 ko .223 awon inci ne irin na Amurka da Ingila. Sai dai lambobin suna ne kawai anka laƙaba, ba cikakken awo ba ne, don ba su faɗa maka kaurin gindin kwanso ba, ba su faɗi inda kafaɗarsa take ba, ba su kuma faɗi yawan matsin da zai tayar in an harba ba.

Matsin nan shi ne jigon maganar gaba ɗaya. Ana auna shi da ma'aunin da ake kira psi. Tayar mota ana ba ta iska psi 30 zuwa 35, amma a ɗakin harsashin bindigar soja lokacin harbi matsi kan haura psi 45,000 har ya kai wajen 60,000, cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma fuskar mai harbi tana nan dab da wurin. Kwanso shi kaɗai ba zai iya riƙe wannan ba, bangon ɗakin ne ke tallabe shi ta ko'ina. To in kwanson bai cika ɗakin daidai ba, ko ƙwayar ta fi ramin bututu kauri, wutar sai ta nemi wata hanyar fita.

7.62 ɗin nan guda uku ne

Wanda sojojinmu ke kira special shi ne 7.62x39, na Tarayyar Sobiyet ne tun 1943, shi ne abincin AK-47 da 'yan uwanta. Gajere ne, kwansonsa ya tsuke sosai ta gaba, shi ya sa magazin ɗin AK ke da lanƙwasa. Wanda ake kira NATO shi ne 7.62x51, ƙungiyar tsaro ta NATO ta amince da shi a 1954, shi ke hawa bindigogin FN da G3 waɗanda sojojin Najeriya sunka daɗe suna riƙewa, kuma ya fi special ɗin ƙarfi nesa ba kusa ba. Na uku shi ne 7.62x54R, tsoho ne tun 1891 zamanin sarakunan Rasha, yana da baki mai faɗi a gindi, shi ke hawa bindiga mai jigida ta PKM.

Babu ɗaya daga cikinsu da ke maye gurbin wani. Mai 51 ba zai ma bari AK ta rufe ba, tsawonsa ya yi yawa. Mai 39 kuwa yana iya faɗawa cikin ɗakin FN ko G3 tunda ya fi ƙanƙanta, sai dai yana can yana lilo ba abin da ya tallabe shi, galibi ba zai tashi ba, in kuma anka yi rashin sa'a ya tashi kwanson na iya tsagewa wuta ta dawo baya. Ƙari a kan haka ƙwayar harsasan Rasha biyun ta ɗan fi kauri, wajen milimita 7.9, ta NATO kuma wajen 7.8, duk da sunan da sunka haɗa.

Haka abin yake ga 12.7 da ake ɗorawa bisa mota, akwai 12.7x108 na Rasha akwai 12.7x99 na Amurka, ba su haɗuwa.

Inda gardama take: .223 da 5.56

Waɗancan ukun ido ma na iya raba su. Mai wuyar ita ce .223 Remington da 5.56x45 NATO, don in ka jera su biyu a tafin hannu ba za ka ga bambanci ba, tsawo ɗaya, kauri ɗaya, kowane yana shiga ɗakin ɗan uwansa sumul.

Asalinsu ɗaya ne. A ƙarshen shekarun 1950 anka ƙirƙiro harsashin a Amurka don bindigar da daga baya ta zama M16, sojoji sunka ɗauke shi da sunan 5.56, kamfanin Remington kuma ya kai shi kasuwar farar hula da sunan .223. A 1980 NATO ta mayar da 5.56 harsashinta na biyu, ta zaɓi samfurin Beljiyam mai suna SS109 wanda ƙwayarsa ta fi ta farko nauyi da tsawo, giram 4 maimakon wajen 3.6. Daga nan hanya ta rabu, ɓangaren soja na da nasa ma'auni, ɓangaren farar hula na da nasa.

Bambancin gaskiya yana cikin bindiga ne fiye da jikin harsashi. Tsakanin bakin kwanso da inda tsagin da ke murɗa ƙwaya ya fara a cikin bututu akwai 'yar tazara da ƙwayar ke tafiya ba tare da ta ciji komai ba. A bindigar da anka yi wa ɗakin 5.56 tazarar ta kusa ninka ta .223. Sojoji sun so haka ne don bindiga ta ci gaba da aiki ko ta yi zafi ko ta yi datti, masu harbin nishaɗi da farauta kuma sun fi son gajeriyar tazara don ta fi saiti. To in ka ɗauko harsashin soja, wanda daman an cika shi da tunanin akwai doguwar tazara a gabansa, ka sa a ɗakin .223, ƙwayar na cin karo da tsagin da wuri, matsi ya yi sama fiye da yadda anka tsara.

A Amurka akwai ƙungiyar masu ƙera bindiga da harsashi, SAAMI, wadda anka kafa a 1926. Ita ta sa iyakar .223 a psi 55,000, kuma tun ƙarshen shekarun 1970 ta sa harba 5.56 a ɗakin .223 cikin jerin haɗin da ta ce a guje musu. A Turai akwai hukumar C.I.P. mai tushe tun 1914, ita kuma iyakar da ta sa wa .223 bar 4,300 ce, wajen psi 62,000 ke nan, daidai da lambar da NATO ke aiki da ita. Masu cewa an cika tsoro da wanga suke kafa hujja, su ce ga shi Turawa ba su ga wani bambancin matsi ba, su ƙara da cewa mutane da dama sun harba 5.56 a bindigar .223 ba abin da ya faru. Masu cewa a kiyaye kuma amsarsu ita ce lambobin nan ba a jera su kai tsaye, don wurin da kowace hukuma ke dasa na'urar awo a jikin ɗakin gwaji daban ne, kuma kamfanoni ba duka suke fafe ɗaki iri ɗaya ba, wata bindigar an rubuta .223 amma tana da sarari, wata kuma a matse take ƙam, mai ita ba shi da hanyar sanin wacce ce tasa sai da kayan awo.

In an auna maganganun biyu, kowa na da gaskiyarsa amma nauyinsu ba ɗaya ba. Gaskiya ne ba kasafai wanga haɗin ke tarwatsa bindiga nan take ba. Abin da anka fi gani shi ne maɓallin gindin kwanso ya baje ko ya fice gaba ɗaya ya faɗa cikin injin bindiga ya cije ta, ko kwanso ya maƙale sai da ƙarfi, ko hayaƙi mai zafi ya feso baya. Ga mai harbin nishaɗi wannan ɓacin rana ne kawai, ga wanda ke gadin gari da dare kuwa bindiga ta cije ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa ƙa'idar da kusan kowa ya yarda da ita ita ce bindigar 5.56 na cin duka biyun, bindigar .223 kuma .223 kaɗai. Akwai wani ɗaki na tsaka-tsaki mai suna .223 Wylde da anka tsara musamman don cin duka biyun.

.308 da 7.62 NATO

Nan ma tagwaye ne, Winchester ta fitar da .308 a 1952, shekara biyu kafin NATO ta amince da nata. Sai dai a nan lamarin ya juya. Na farar hula ne ke iya zuwa da zafi, iyakarsa psi 62,000, kuma bangon kwansonsa ya fi na soja sirantaka, alhali ɗakin bindigogin soja ya ɗan fi tsawo, balle tsofaffin da sunka sha harbi. Kwanso mai siririn bango a ɗaki mai sarari sai ya miƙe, in ya miƙe da yawa ya yanke ta gindi. SAAMI ba ta sa wanga haɗin cikin masu haɗari ba, don haka 7.62 NATO a bindigar .308 ba a cika damuwa da shi ba, .308 a tsohuwar bindigar soja ne ake cewa a fara auna ɗakin tukuna.

Waɗanda ke shiga lafiya su fasa bindiga

Mafi muni shi ne harsashin da ƙwayarsa ta fi ramin bututu kauri amma kwansonsa ya yarda ya zauna. Misalin da ya shahara shi ne .300 Blackout, wanda anka yi daga kwanson .223, yana hawa magazin ɗaya da shi, kuma ana iya tura shi ɗakin .223 bindiga ta rufe. Ƙwayar milimita 7.62 ke nan a gaban ramin 5.56, ba inda za ta bi. Irin haka na faruwa in .308 ya shiga bindigar .270.

Amma ga mutanenmu na nan, wanda ya fi shafarsu ba raifil ba ce, bindigar farauta ce mai cin harsashin roba, mai baki ɗaya ko mai baki biyu ko mai famfo. Abu biyu ne ke kama mutane a cikinta.

Na farko lamba. A waɗanga bindigogi lamba 12 ta fi lamba 20 girma, ramin 12 wajen milimita 18.5 ne, na 20 wajen 15.6. In harsashin 20 ya ɓuya cikin jakar mai bindigar 12 ya ɗauko shi cikin duhu ko cikin gaggawa, zai zurma ya wuce ɗakin ya tsaya can gaba cikin bututu. Mutum ya ja kunama ba ta tashi ba, ya buɗe ya ga ɗaki wayam, ya ɗauka mantawa ya yi bai sa ba, sai ya ɗora na 12 a baya ya harba. Bututun na fashewa ne daidai inda hannun da ke tallabe bindigar yake. Saboda wanga haɗari ne kamfanoni da yawa ke yin harsashin 20 da launin rawaya, kodayake launi ba abin dogaro ba ne ɗari bisa ɗari.

Na biyu tsawo, kuma shi ya fi yaudara. Lamba 12 na zuwa da tsawon milimita 65, 70, 76 da 89. Tsawon nan ana auna shi ne bayan an harba bakin robar ya buɗe, ba lokacin da yake naɗe ba. Ke nan harsashin 76 kafin a harba shi yana zama daram a ɗakin 70, bindiga ta rufe ba gardama, sai an harba ne bakin nasa zai rasa wurin buɗewa ya toshe wani sashe na hanya. Ga shi kuma daman an fi cika shi, a ma'aunin Turai 12/70 na gama-gari iyakarsa bar 740, 12/76 kuma bar 1,050. Gajere a dogon ɗaki ba matsala, dogo a gajeren ɗaki ne ba a yi. Lambar na nan a buge jikin bututu, a bindiga mai karyewa wani lokaci sai an cire bututun an duba ƙasansa.

Bindigar toka da ƙirar gida

Duk lissafin da ke sama ya tsaya ne kan cewa bindigar ta fito daga masana'anta. A ƙasashen da ke cikin C.I.P. doka ce a gwada kowace bindiga da harsashin da ya fi na kullum matsi kafin a buga mata hatimi a sayar. Ƙirar gida ba ta bi ta wanga gwaji ba, ba wanda ya san irin ƙarfen bututun ko iyakar abin da zai ɗauka, don haka ko harsashin ya yi daidai da ramin, tambayar na nan.

Bindigar toka kuwa albarushin gargajiya anka yi ta domin shi, baƙin nan mai hayaƙi. Wanda ke cikin harsashin zamani wani sinadari ne daban, kaɗan daga cikinsa na tada matsin da ya ninka na gargajiya. Farke harsashi a zuba garinsa a bindigar toka don ta ƙara ƙarfi na cikin hanyoyin da sunka fi saurin fasa ta. Haka ɗura biyu a kan juna in an manta da ta farko.

Yanayinmu ma na da nasa hannu. Zafin Sakkwato a watan Afrilu na haura digiri 40, harsashin da ya wuni cikin mota ko ƙarƙashin kwano matsinsa na ƙaruwa, haɗin da daman yake bakin iyaka sai ya tsallaka. Ƙurar hunturu da taɓon damina na toshe baki, zanzaro ma kan yi gini cikin bututun bindigar da anka rataye ta daɗe, kuma toshewa ko wace iri ce sakamakonta ɗaya da na harsashin 20 a cikin 12. Tsohon harsashin da ya sha danshi kan yi ƙara 'yar kaɗan ƙwayar ta tsaya a tsakiyar bututu, wanda ya ji haka sai ya dakata ya duba kafin ya sake harbi. In kuma an ja bai tashi ba, ana barin bakin bindiga na kallon inda ba kowa na kamar daƙiƙa 30 kafin a buɗe, don wani kan yi jinkiri sannan ya tashi.

Doka, da abin da ya shafi talaka

Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi uku. Akwai haramtattu waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa, a ciki har anka ambaci raifil ɗin soja masu 7.62 da .303, da fistol. Akwai na kai, irin bindigar farauta, lasinsu daga Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai masu ɗurawa ta baki irin ta toka, su kuma kwamishinan 'yan sandan jiha. Harsashi ma ba a riƙe shi sai da lasin bindigar da yake hawa, ke nan ɗan farar hula da anka samu da 7.62 ko wane iri ne ya shiga matsala, ko da tsintarsa ya yi.

Kan ko a sassauta, ra'ayi ya rabu. A 2022 gwamnatin Zamfara ta lokacin Bello Matawalle ta kira jama'a su nemi lasin bindiga don kare kai, shugabannin soja sunka nuna ba su yarda ba, a 2023 kuma rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasi. Masu goyon bayan sassauci na cewa mutanen ƙauye an bar su hannu rabbana gaban masu AK. Masu adawa na cewa makaman da ke yawo sun riga sun yi yawa. Ta fuskar maganar da muke yi, akwai abin da ya shafi ɓangarorin biyu: inda ba dillali mai rajista kusa, harsashi na zuwa ne ɗai-ɗai ba kwali, daga hannu zuwa hannu, an gauraya sabo da tsoho, na masana'anta da wanda anka sake cikawa. Harsashin farar hula yakan zo da sunansa a gindi, na soja kuwa sau da yawa lambar masana'anta da shekara kaɗai ke jiki, na NATO a ƙara masa alamar gicciye cikin da'ira, don haka wanda bai samu horo ba ba zai karanta ya gane ba.

Wanda ke ɗaukar asarar galibi mai bindigar ne da na kusa da shi, ido da fuska da yatsun hannun hagu, kuma daga ƙauyukan Gudu ko Tangaza zuwa asibitin koyarwa na jami'ar Usmanu Danfodiyo tafiya ce mai nisa ga mai zubar jini. Wasu kan ɓoye rauni don tsoron a tambaye su ina sunka samu bindiga, har ciwon ya ruɓe. Dokar kula da waɗanda harbi ya shafa ta 2017 ta wajabta wa asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi mai raunin bindiga ya fara magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, daga baya asibitin ya sanar da su. Harsashin da yara ko manoma sunka tsinta a gona kuma ba a jefa shi wuta ba a buga shi da dutse, ana sanar da mai gari ko ofishin 'yan sanda mafi kusa su zo su ɗauka.